Yadda Mutuwar Maruƙa Ke Cinye Jarin Ƙananan Masu Kiwo A Yankin Kagoro Da Kafanchan

KAFANCHAN — Duk lokacin da ake lissafin asarar da masu shanu ke yi a kudancin Jihar Kaduna, abin da aka fi ambato shi ne sata da annoba da kuma rigingimun manoma da makiyaya. Amma akwai wata asara da ba a cika jin labarinta ba, alhali kuwa kowace shekara sai ta auku, ita ce mutuwar maruƙa a makonnin farko bayan haihuwa. Ga gidan da shanunsa ba su wuce biyar ko goma ba, kamar yadda ake samu a ƙauyukan da ke gindin duwatsun Kagoro cikin Ƙaramar Hukumar Kaura, da rugagen Fulanin da suka zauna a kewayen Kafanchan da Zonkwa, maraƙi guda shi ne ribar shekara biyu. Mafi yawan abin da zai sa ya rayu ko ya mutu kuwa a ranar da aka haife shi ake yin sa.

Lissafin asarar

Binciken da aka fi dogara da shi game da shanun wannan yanki shi ne wanda Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Afirka, wato ILCA, ta gudanar daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa cikin shekarun 1980, a Abet kusa da Zonkwa, da Kurmin Biri, da kuma makiyayar Kachia. Ma'aikatan cibiyar sun bi garkunan fararen shanu, wato Bunaji, shekara da shekaru suna awo suna rubutawa. Sun gano cewa karsana kan kai kimanin shekara 5 kafin ta yi haihuwar fari, tazarar haihuwa kuma kan kai shekara 2, sa'annan ana haihuwar maraƙi da nauyin da bai cika kilo 20 ba. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, fiye da maraƙi ɗaya cikin kowane biyar ba ya cika shekara guda a duniya.

Idan aka ɗora wannan a kan ma'aunin ɗan kasuwa, mai shanu mata goma zai sa ran maruƙa biyar ne kacal a shekara, ɗaya daga cikinsu kuma zai salwanta. Asarar ba ta tsaya nan ba. Saniyar Bunaji, kamar sauran shanu masu tozo, ba ta cika sakin nono ba sai ta ga ɗanta a gabanta, shi ya sa ake barin maraƙi ya ɗan tsotsa kafin a fara tatsa. In ya mutu, sau da yawa nonon kan ƙafe cikin ɗan lokaci, uwargida ta rasa kindirmo da man shanun da take kai wa kasuwa. Ke nan an yi asarar maraƙin, da nonon wannan shekara, da kuma ciyarwar wata tara na ciki.

Annobar da ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna a daminar 2023 ta nuna wa manoma haɗarin dogaro da amfanin gona guda. A irin wannan shekara dabba ce ke biyan kuɗin makaranta da na asibiti, domin ita ce asusun talaka.

Dalilan da ke kawo raunin maraƙi

Raunin maraƙi tun daga cikin uwarsa ya ke farawa. Mafi yawan girman ɗan tayi a watanni ukun ƙarshe na ciki ya ke aukuwa. In waɗannan watanni suka faɗo tsakanin Janairu da Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe, aka kuma ƙone daji, saniya kan rame, ta haifi ɗa ƙarami, dakashinta kuma ya yi ƙaranci.

Na biyu shi ne cututtukan uwa. Yankin Kagoro na samun ruwan sama mai yawa, wanda kan kai milimita 1,500 ko fiye a shekara, kuma kurmin da ke bakin rafuka mazauni ne na ƙudan tsando mai kawo sammore. Saniyar da sammore ko ciwon hanta ya shanye wa jini ba za ta haifi ɗa mai kuzari ba. Akwai kuma bakkale, cutar da ke sa ɓari ko haihuwar maraƙi marar ƙarfi, wadda kuma ta ke kama mutane. Saboda haka duk mai taimakon saniya wajen haihuwa ya kamata ya sa safar hannu ko leda, a binne mabiyiya, a kuma dafa nono kafin a sha.

Na uku shi ne doguwar naƙuda, musamman ga karsana ko saniyar da aka yi wa barbara da babban bijimin waje. Maraƙin da ya daɗe a hanya ya kan fito a galabaice, kai da harshe a kumbure.

Sa'o'i shida na farko

Lafiyayyen maraƙi kan ɗaga kai cikin 'yan mintoci, ya miƙe tsaye kafin sa'a guda, ya kama nono kafin sa'a biyu. Wanda bai yi haka ba yana bukatar hannun mutum nan take. A share masa majina daga hanci da baki, a kwantar da shi a kan ƙirjinsa yadda huhunsa biyu za su buɗe, a goge jikinsa da ƙarfi da busasshen buhu ko tsumma. Tsinken ciyawa mai tsabta da aka ɗan sosa masa a hanci kan sa shi atishawa ya ja numfashi. Al'adar rataye maraƙi ƙafafu a sama ba ta da amfani, domin kayan ciki kan danne huhu su hana shi numfashi.

Daga nan sai dakashi, wato nonon farko mai kauri da ruwan ɗorawa. Bambancin saniya da mutum shi ne, sinadaran da ke kare jiki daga cuta ba sa ratsa mahaifarta su isa ga ɗan tayi. Ana haihuwar maraƙi ne ba shi da garkuwa ko kaɗan, a cikin dakashi ya ke samun ta. Hanjinsa kuwa a sa'o'in farko kawai ya ke iya tsotse waɗannan sinadarai zuwa cikin jini. Ƙarfin tsotsewar kan fara raguwa bayan sa'a 6, in aka kai sa'a 24 kuma ƙofar ta rufe. Ƙa'idar da likitocin dabbobi ke bayarwa ita ce maraƙi ya sha kwatankwacin kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa da wuri. Ga mai kilo 20, lita 2 ke nan, a kasa ta sau biyu ko uku cikin sa'o'i shida na farko.

In ba ya iya tsayawa, sai a wanke hantsar uwar, a tatsa a cikin ƙwarya mai tsabta, a ba shi da kwalba mai kan roba, da ɗuminsa. Amma kafin nan a sa masa yatsa mai tsabta a baki. In ya tsotsa, to a ba shi. In bai tsotsa ba, kada a yi masa ɗura, domin nonon huhu zai wuce, ya zama ajalinsa. Irin wannan sai malamin dabbobi, wanda zai zura masa siririyar roba ta maƙogwaro zuwa ciki. Idan uwar ta mutu ko ba ta da dakashi, a nemo na wata saniya da ta haihu a ranar, ko da a garken maƙwabta ne. Madarar gari da nonon tsohuwar tatsa abinci ne kawai, ba su ɗauke da wannan kariya.

Cibiya ma ƙofar cuta ce. A tsoma ta cikin ruwan aidin da zarar an haihu, a maimaita bayan rabin yini. Shafa mata toka ko kashin shanu na jawo kumburin cibiya da na gwiwoyi, maraƙin da ya gurgunce kuma ba shi da daraja a kasuwa.

Sanyi da zawo

Lokuta biyu sun fi haɗari a wannan yanki: asubahin hunturu a watannin Disamba da Janairu, da kuma marka ta watan Agusta, sa'ad da garke ke zama taɓo. Zafin jikin maraƙi mai lafiya tsakanin digiri 38.5 da 39.5 ya ke. In ya yi ƙasa da 38, ko aka ji cikin bakinsa da sanyi, to a fara ɗumama shi kafin abinci: a tsane shi, a rufa masa buhu, a kai shi rumfa mai busasshiyar shimfiɗar ciyawa inda iska ba ta bugawa. Ɗaure sabon haihuwa a dangwali cikin ruwa tare da manyan maruƙa ganganci ne da dukiya.

Zawo shi ne kan gaba wajen kashe maruƙa a watan farko, kuma ƙarewar ruwan jiki ce ke kisan. Alamarta ita ce idanu su faɗa, in kuma aka ja fatar wuya aka saki ta daɗe ba ta koma ba. Maganin farko shi ne ruwan gishiri da gulukos irin na dabbobi, a riƙa bayarwa tsakanin shan nono, ba tare da an hana shi nonon uwarsa ba. Sukarin shayi bai dace ba, domin cikin ƙaramin maraƙi ba ya narkar da shi, sai ma ya ƙara zawon. Maraƙin da ya kasa tashi, ko aka ga jini a kashinsa, ko numfashinsa ya yi sauri, na likita ne. Sayen allura a kasuwa a yi ta soka masa bisa ƙiyasi ɓarnar kuɗi ce, tana kuma sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Har ila yau akwai tsutsar ciki da ke bi ta nonon uwa, wadda ake ba da maganinta idan maraƙi ya kai kimanin mako biyu.

Rabon nono tsakanin ƙwarya da maraƙi

A nan ne lissafin kasuwa ya ke da wuya. Kuɗin nono na yau ne, kuɗin maraƙi kuwa sai bayan shekara biyu ko uku, don haka gida mai bukata kan matsa wa tatsa. Amma saniyar Bunaji ba mai yawan nono ba ce, abin da aka ƙara a ƙwarya daga bakin maraƙi aka rage shi. Hanyar da ta fi riba ita ce a bar masa dakashin kwana uku ko huɗun farko gaba ɗaya, in mai rauni ne a jinkirta tatsa har ya murmure, bayan haka a riƙa bar masa kan nono ɗaya ko biyu ba a taɓa ba.

Maganin da ya fi ɗorewa shi ne ciyar da uwa. Wannan ne ya sa ILCA ta ɓullo da rumbun ciyawa a yankin Kachia da Abet, wato fili mai kimanin hekta 4 da aka shinge, aka shuka ciyawar sitailo, ana sakin shanu masu ciki da masu shayarwa su yi kiwon sa'a biyu zuwa uku a rana da rani. An ga maruƙan waɗannan shanu sun fi rayuwa. Wanda ba shi da fili yana iya tanadar harawar gyaɗa da ta wake tun da kaka, ya haɗa da dusa da angurya da gishirin lasa, ya ware wa shanun da suka kusa haihuwa. A 1995 an haɗe ILCA da wata cibiya aka kafa ILRI, amma darasin bai tsufa ba.

Rabon 'yan kasuwa

Nijeriya ta daɗe tana shigo da mafi yawan madarar da masana'antunta ke sarrafawa. A 2023 kamfanin Arla ya buɗe gonar shanun madara a Damau cikin Ƙaramar Hukumar Kubau, a 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi. Sai dai mafi yawan shanun ƙasar nan suna hannun ƙananan masu kiwo ne, kuma garkensu ba zai ƙaru ba muddin kashi ɗaya cikin biyar na maruƙa na mutuwa.

Kayan da ake bukata kaɗan ne: kwalbar aidin, ma'aunin zafin jiki, kwalbar shayarwa, safar hannu da ƙunshin gishirin zawo. Kuɗinsu duka bai taka kara ya karya ba in aka gwada da farashin maraƙi ɗan shekara guda. Masu shagunan maganin dabbobi a Kafanchan da Zonkwa da Kachia za su iya haɗa su wuri guda su sayar, dillalan abincin dabbobi su yi tanadin harawa da angurya kafin watan Janairu, ƙungiyoyin masu nono kuma su ɗauki nauyin horar da mutum guda a kowace ruga ko unguwa. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda ba ta da nisa da Kagoro ta hanyar Manchok, da Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi da ke Shika kusa da Zariya, wurare ne da irin waɗannan ƙungiyoyi za su nemi shawara. Haka nan duk wanda zai ba da rance ko ya zuba jari a kiwo, kafin ya ƙidaya manyan shanun garke, ya fara tambayar maruƙa nawa aka haifa bara, nawa ne kuma ke raye a bana.