Leƙen Asirin Soja da Ta'addancin da ke Ƙetare Iyaka

Abin da ake nufi da leƙen asirin soja shi ne tattara bayanai game da abokan gaba, a tace su, sannan a miƙa wa kwamanda kafin ya yanke shawara. A da, aikin ya fi karkata ga ƙidayar dakarun wata ƙasa da tankokinta da gano inda barikokinta suke. Shi kuwa ɗan ta'adda ba shi da bariki, kuma iyakar ƙasa ba ta tsayar da shi. Wannan ne ya tilasta sauya salon aikin.

Bari mu ɗauki yankin Tafkin Chadi a matsayin misali. Mayaƙan Boko Haram kan kai hari a Borno, su tsallaka Kamaru ko Nijar, inda sojan Nijeriya ba shi da ikon bin su. Ke nan, bayanin da ƙasa ɗaya ta ɓoye wa maƙwabciyarta ya zama garkuwa ga maharan. Bayan sace 'yan matan Chibok a shekarar 2014, shugabannin yankin sun gana a Faris suka amince da musayar bayanai. A 2015 aka sake fasalin rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen, mai hedikwata a Njamena. Sai dai amana tsakanin gwamnatoci aba ce mai rauni, domin Nijar ta fice daga rundunar a 2025.

Sauyi na biyu ya shafi hanyoyin samun bayanin. Ana amfani da jirage marasa matuƙa da na'urorin sauraren wayar tarho, amma na'ura murya kawai take kamawa, ba ta fahimtar zaurance ko habaici. Dole a sami mai jin Barbarci ko Larabcin Shuwa ko Hausa, wanda zai gane cewa kalmar da aka furta ba ita ake nufi ba. A nan ya kamata ɗalibin harshe ya lura da amfanin fanninsa. Haka kuma masunta da makiyaya da 'yan kato-da-gora, waɗanda suka ɓulla a Maiduguri a 2013, sun fi kowace na'ura sanin wane ne baƙo a gari.

Tace bayani shi ne mataki mafi wuya, kuma kuskure a cikinsa rayuka yake ci. A watan Janairun 2017, jirgin yaƙin Nijeriya ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, ya hallaka mutane da dama, har da ma'aikatan agaji.