Inshorar hanya: a biya ko a bari? Bayani ga masu lodi da matafiya tsakanin Arewa da Kudu



Duk lokacin da aka ce tirela ta faɗi da shanu, ko an ƙone motar albasa a hanya, tambaya ɗaya ce ke yawo a bakin mutane: "Ba shi da inshora ne?" Sai wani ya ce ai inshora haramun ce, wani ya ce kuɗinka kawai za su ci, a tashi ba a tsayar da magana ba. Ni ɗan Bauchi ne, daga Ɗan Iya. Mahaifina fataucin shanu yake yi zuwa Kudu tun kafin a haife ni, kuma tun da na gama sakandare ni ke riƙe masa takardun lodi da rasit. Wannan ne ya sa na zauna na bi maganar inshora daki-daki. Ga abin da na fahimta.

Inshorar da ke cikin mota ba ta kayanka ba ce

A nan ne mutanenmu da yawa suke ruɗewa. Direba zai nuna maka takarda ya ce motarsa na da inshora, kai kuma hankalinka ya kwanta. To wannan takardar yawanci ita ce wadda direbobi ke kira tad-fati, wadda doka ta wajabta wa kowace mota. Daga watan Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta: motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, kuma tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Babbar motar ɗaukar kaya naira 100,000 ce, iyakarta miliyan 5. Daga 1 ga Fabrairun 2025 kuma 'yan sanda suka fara matsa wa direbobi a kanta.

Amma dukiyar wa take biya? Ta wanda motar ta yi wa ɓarna a waje: motar da aka buga, shagon da aka rushe, mutumin da aka kaɗe. Shanun da ke cikin bodi ba sa ciki. Ko mai mota ya yi babbar inshora wadda ta haɗa da gyaran motarsa, motar ce aka yi wa, ba lodinka ba. Idan kana son kariya ga kayanka, akwai wata daban da ake kira inshorar kaya a kan hanya, kuma mai kaya ne zai nema, ko ya tabbatar mai motar ya yi ta da sunan kayan da yake ɗauka.

Lissafin da ya kamata ka yi

Bari mu yi misali, kuma misali ne kawai, don farashi kamfani ne zai faɗa maka bayan ya ji irin kayanka da hanyarka. Mu ƙaddara ka loda shanu 30 daga Potiskum ko Alkaleri, kowanne a kan naira 800,000. Jimla miliyan 24 ke nan. A ce kamfani ya nemi kashi 1 cikin 100, wato naira 240,000. In ka raba, naira 8,000 ce a kan kowane sa.

Yanzu ka tambayi kanka abu biyu. Na farko, ribar da nake samu a kan kowane sa za ta ɗauki wannan 8,000 ɗin bayan kuɗin mota, la'ada, haraji, da abin da ake ajiyewa a shingaye? Na biyu, kuma shi ne babba: idan motar nan ta tafi gaba ɗaya, zan iya sake tashi?

Alhajin da ke tura tirela biyar duk mako, in ɗaya ta faɗi zai ji zafi, amma mako mai zuwa yana kara. Wanda ya fi shiga uku shi ne ƙaramin ɗan kasuwa, irin waɗanda su huɗu ko biyar ke haɗa kuɗi su cika mota ɗaya, wani ma rabin shanun bashi ne daga hannun makiyayi, sai an sayar a biya. Irin wannan in mota ta faɗi tsakanin Lokoja da Okene, jari ya tafi, bashi ya hau kansa, amanar da aka gina shekara da shekaru ta karye. Wato wanda ya fi jin nauyin kuɗin inshorar, shi ne kuma ya fi buƙatarta.

Abubuwan da ba sa biya

Wannan ɓangaren ku karanta shi da kyau, don a nan rigima take tashi.

Na ɗaya, dabba mai rai. Takardar inshorar kaya ta yau da kullum sau da yawa tana cire dabbobi, sai in an rubuta su ƙarara. Kada ka yarda da "ai an haɗa" na baki. Ka ce a nuna maka layin da aka rubuta shanu ko awaki, da adadinsu, da kuɗinsu. Akwai kuma hukumar inshorar noma ta gwamnatin tarayya, NAIC, wadda shirinta ya faro tun 1987, tana yi wa amfanin gona da dabbobi inshora. In ka je wurinsu, ka fayyace musu cewa dabbar hanya kake nufi, don kada a ba ka ta kiwo a gona.

Na biyu, mutuwar da ba hatsari ba. Kowa ya san sa yana kwanciya a mota, 'yan'uwansa su tattake shi, ko zafi da ƙishirwa su galabaitar da shi, sai a yanka a hanya a sayar da arha. Takarda mai sauƙin kuɗi tana iya tsayawa a kan karo, kifewa da gobara kawai. Sa ya kwanta, wannan naka ne.

Na uku, jinkiri. A watan Oktoban 2022 ambaliya ta rufe hanyar Abuja zuwa Lokoja a wajen Koton Karfe, motoci suka yi kwanaki a jere. Lodin mahaifina na cikin waɗanda suka maƙale. Motar ba ta faɗi ba, ba wanda ya taɓa ta, amma yaran da ke rakiya sai da suka yanka biyu, sauran kuma suka isa Legas a rame, farashinsu ya zube. Irin wannan asarar, ko da akwai inshora, yawancin takardu ba sa ɗaukarta, don sun rubuta cewa ɓarnar da jinkiri ya jawo da faɗuwar farashi ba nasu ba ne. Masu tumatir da tattasai, wannan ya fi shafar ku.

Na huɗu, tarzoma. Ba mu manta rikicin kasuwar Shasha a Ibadan ba, a watan Fabrairun 2021, wanda bayansa ƙungiyar dillalan shanu da kayan abinci ta dakatar da kai kaya Kudu na wasu kwanaki tana neman diyya. Abin da ya fi tsorata mu a hanya shi ne wannan, kuma shi ne kamfanoni suka saba cirewa daga takarda. Ana iya ƙara shi, amma sai ka nema da bakinka ka biya ƙari. Duk inshorar da za ka yi wa kaya ko shago a Kudu, tambayarka ta farko ita ce: in an ƙone ko an wawashe a lokacin rikici, kuna biya? Haka ma fashi, a rubuta shi.

Na biyar, karya doka. In an yi lodi ya wuce kima, ko direba ba shi da lasisi mai kyau, ko an ɗora mutane a saman shanu, kamfani ya sami ƙofar gudu. Hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, ta daɗe tana hana haɗa mutane da dabbobi a mota ɗaya, kuma kun san rayuka nawa muka rasa ta wannan hanyar. Mai hawa saman tirela don ya rage kuɗin mota ya sani cewa in wani abu ya faru, da wuya a sami takardar da za ta biya iyalinsa.

Sai wasu ƙa'idoji biyu da ba a cika faɗa wa mutum ba sai ranar karɓa. Akwai wani kaso na asara da kai za ka fara ɗauka kafin su biya sauran, ka tambayi nawa ne. Sannan kada ka rage darajar kaya don zubi ya yi sauƙi. In kayan miliyan 24 ka rubuta miliyan 12, ranar asara rabin abin da ya lalace za su biya ka.

To ina maganar addini?

Ni ba malami ba ne, amma ga abin da yake sananne. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci da aka saba ba ta halatta ba saboda rashin tabbas da ke cikin cinikin, amma ta taimakekeniya ta halatta. Ita ce ake kira takaful. Kamfanin farko irin wannan a Sudan aka kafa shi a 1979. A Najeriya NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma a 2016 aka ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi, wasu suka biyo baya.

Yadda yake aiki bai yi nisa da abin da muka gada ba. Kowa ya zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar gudummawa. Wanda masifa ta faɗa wa, a cire a ba shi. Kamfani wakili ne, yana ɗaukar ladan kula da asusun, ba ya juya kuɗin a harkar kuɗin ruwa, kuma in shekara ta ƙare da rara, ana iya raba wa waɗanda ba su karɓi komai ba. Karo-karon da ake yi a kara ke nan in ɗan'uwa ya yi asara, sai dai shi wannan a rubuce yake. Karo-karonmu kuwa ya dogara da farin jinin mutum da kuma yanayin kasuwa a wannan makon. Na sha ganin wanda ya rasa miliyoyi aka tara masa abin da bai kai kuɗin sa biyu ba, kuma ba rowa aka yi masa ba, kowa ne aljihunsa ya yi sanyi. Mai shakka ya kai takardar wurin malamin da ya yarda da shi kafin ya sa hannu. Amma a sani, abubuwan da na lissafa a sama waɗanda ba a biya, takaful ma yana da irinsu.

Masu tafiya ƙasar waje

Turawa kan sayi inshorar tafiya ko da yawon shaƙatawa za su je a jirgin ruwa, saboda asibiti a wata ƙasa na iya cinye abin da mutum ya tara. Mu ma dalilin ɗaya ne. Mai zuwa Umara, tun 2020 Saudiyya ta haɗa inshorar lafiya cikin kuɗin biza, don haka kada wani ejan ya sake karɓar kuɗinka a kan abin da ka riga ka biya. Ka nemi ya nuna maka shaidarta. Mai neman bizar ƙasashen Turai na Shengen ba shi da zaɓi, dole ya nuna inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Mai zuwa saro kaya Dubai ko Chana, shawarata ya yi ta asibiti ko da ba a tambaye shi ba.

Ka duba abin da kake buƙata. Za su yi maka tallar dawo da gawa gida, alhali mu a inda mutum ya cika a nan ake yi masa sutura. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kuɗin kwanciya asibiti da na dawo da mara lafiya. Mai hawan jini ko ciwon suga ya faɗa tun farko, don ciwon da ka ɓoye shi za su riƙe su hana ka. Masu shiga Kwatano, Lome ko Akara da mota kuma, su tabbatar suna da katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa.

In ka yanke shawarar yi

Kada ka sayi takarda a bakin tasha. Jabu ta yi yawa. Ta mota ana iya duba ta a waya a rumbun bayanan kamfanonin inshora, NIID, da lambar mota. Ta kaya kuwa ka je ofishin kamfanin da kanka, ko ta hannun dillalin inshora mai rajista, ka biya ta banki da sunan kamfani.

Ka ajiye wayabil, rasit ɗin kasuwa da takardar likitan dabbobi. Ka ɗauki hoton lodi kafin mota ta tashi. In abu ya faru, a kira kamfani a ranar, a ɗauki hoto da bidiyo kafin a yanka ko a janye komai, a karɓi rahoton 'yan sanda. Na san mu da sauri muke yi mu yanka don kada nama ya zama mushe, kuma daidai ne, amma minti biyu na bidiyo na iya zama bambancin a biya ka ko a hana ka. Kuɗin naman da aka sayar a faɗe shi gaskiya, za su cire shi daga diyya. In kamfani ya riƙe haƙƙinka ba dalili, NAICOM na da sashen karɓar koke.

Ra'ayina a taƙaice: in asarar mota ɗaya za ta kai ka ƙasa, ko kuma da kuɗin mutane kake lodi, ka nemi inshora, amma sai wadda ta rubuta dabbobi, fashi da tarzoma da sunansu. In sun ƙi rubutawa, riƙe kuɗinka ya fi. Shugabannin kara da sarakunan Hausawa kuma, ku za ku iya abin da ɗan kasuwa ɗaya ba zai iya ba. Ƙungiya mai motoci ɗari a wata in ta zauna da kamfanin takaful, ita za ta faɗi sharaɗi a saurare ta. Ku kai maganar taronku na gaba.

Allah Ya tsare mana hanya, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri.