Baƙin ɗigo a hanjin Mma: ba sammu ba ne, ba kansa ba

Ranar da aka zura wa Mma na'urar leƙa ciki a wani asibiti a Kumasi, ni ne na raka ta. Ta daɗe tana fama da kasala da ƙarancin jini, ga hawan jini da ciwon suga da suka riga suka taɓa mata ƙoda. Likita yana so ya gani ko akwai inda jini ke tsiyaya a ciki.

Ba a ga gyambo ba. Amma a farkon ƙaramin hanji, daidai inda abinci ke shiga in ya bar tumbi, sai ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe birjik, kamar an barbaɗa garin masoro. Likitan ya ciri ɗan ƙanƙanin nama domin gwaji, ya ce mu dawo.

Kafin sakamako ya fito, zango ya ɗauka. Goggo ta dubi hoton a wayata ta ce, "Malam, bar ɓata kuɗi. Wannan ba ciwon asibiti ba ne, an ba ta ne a abinci." Ba ta kama suna ba, amma kowa ya san abokiyar zaman Mma take nufi. Ta ce a zubar da ƙwayoyin asibiti a nemi mai magani. Ni kuwa da nake koya wa yara sassan jiki a aji, kansa kawai nake tunani, barci ya ƙaurace mini.

Da muka koma, likitan ya ce sunan abin sudomelanosis. Ba kasafai ake ganin sa ba. Sai a 1976 aka fara bayyana shi a rubutun likitoci. Baƙin ba ruɓewa ba ne. Sinadarin ƙarfe ne, galibi haɗe da farar wuta, yake taruwa a cikin wasu ƙwayoyin halitta masu share datti a bangon hanji. An fi samun sa ga mata masu shekaru, musamman masu ciwon ƙoda, hawan jini ko suga, da masu shan ƙwayar ƙarin jini ko magunguna irin su haidiralazin da furosemaid. Mma tana shan biyu daga ciki. Ɗigon ba ya ciwo, ba a san shi da rikiɗewa zuwa kansa ba, kuma ba ya buƙatar magani. An yi gwajin naman ne don a tabbatar ba wani mugun abu mai kama da shi ba ne.

Ya ƙara da cewa babban hanji ma yakan yi duhu ga wanda ya daɗe yana shan filasko don wankin ciki, amma wannan dabam ne.

"Hajiya," in ji shi, "ɗigon nan ba shi ne matsalarki ba. Ƙodarki ce. In kika bar maganin hawan jini, a nan haɗarin yake."

Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai. Saura kaɗan mu zubar da abin da ke riƙe da ita saboda hoton da ba mu fahimta ba, mu kuma ɗora wa baiwar Allah zargin da ba ta ji ba ta gani ba, alhali addininmu ya hana mu mummunan zato.

Mma tana nan tana shan ƙwayoyinta, ana duba ƙodarta a kai a kai. Daren da muka dawo, abokiyar zamanta ce da girki. Mma ta sa aka kawo mata tuwon a tsakar gida, ta ci a gaban kowa.