Gyambon Babban Hanji: Jini Ya Tsaya, Amma Cikin Ya Warke?

Akwai maganar da muke yawan ji a ɗakin ba da magani: "Malama, jinin ya tsaya, shi ya sa na bar shan ƙwayoyin." Bayan 'yan watanni sai ga mai maganar ya dawo a rame, zawo da jini da majina sun komo. A ciwon gyambon babban hanji, tsayawar jini somin warkewa ce kawai.

Wane irin ciwo ne?

Yana kama da atuni, amma ba shi ba ne. Atuni ƙwayar cuta ce ke kawo shi, in an kashe ta ya wuce. Wannan kuwa garkuwar jikin mutum ce ke far wa fatar cikin babban hanji, ta kumbura ta yi gyambo. Yakan fara daga dubura ya haura sama, ya lafa ya sake tashi, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Likita Samuel Wilks na Landan ne ya bayyana shi a 1859. A ƙasashenmu dole a fara awon bayan gida don a tabbata ba amiba ba ce, ba kuma tsargiyar hanji ba, domin maganin kumburi irin su prednisolone na iya jawo hujewar hanji ga mai amiba.

Yadda hanji ke warkewa

Fatar cikin hanji kamar yaɓen bango take, majina ce ta lulluɓe ta don kada ƙwayoyin cutar da ke cikin kashi su taɓa nama. A gindin ƙananan ramukan da ke jikinta akwai uwayen ƙwayoyi da ke sabunta ta cikin kwanakin da ba su wuce mako guda ba. In magani ya kwantar da kumburi, ƙwayoyin da ke gefen gyambon sukan matso su rufe shi, uwayen su haifi sababbi, sannan majinar ta dawo. Jini yakan tsaya cikin makonni kaɗan, amma kammaluwar wannan gyara takan ci watanni. Wanda ya bar magani a tsakani ya bar bango da ɗanyen yaɓe ga damina.

Awon da ke nuna gaskiya

1. Kalfurotektin. Sinadari ne da fararen ƙwayoyin jini ke zubarwa a cikin kashi idan hanji na kumbure. Magne Fagerhol da abokan aikinsa ne suka gano shi a ƙasar Nowe a 1980. Ƙasa da maikirogiram 50 a giram ɗaya na kashi alama ce ta lafiya, sama da 250 kuwa kumburi na nan. Yakan hau tun kafin mutum ya ji ciwo. Yana jure 'yan kwanaki bai lalace ba, don haka ana iya aika kashin zuwa babban asibiti. Sai dai atuni ma yana ɗaga shi.

2. CRP. Awon jini ne na kumburi. Yana hawa in ciwon ya tsananta, amma yana iya fitowa lafiya alhali dubura ba ta warke ba.

3. Yawan jini. Ƙarancinsa na iya nuna ana zubar da jini a ɓoye.

4. Leƙa hanji da na'ura. Shi ne mafi tabbaci. Likita yana ba da maki daga 0 zuwa 3. Maki 0 ko 1 ake nema, kuma masu wannan maki sun fi daɗewa ciwon bai tashi ba.

Abin da ya rage gare ka

Ka ci gaba da shan sulfasalazine ko mesalazine yadda likita ya rubuta, ko da kana jin garau. Mai shan sulfasalazine ya haɗa da folik asid. Ka guji ibuprofen da diclofenac na 'yan tebur, suna iya tayar da ciwon. Wanda ciwonsa ya wuce dubura kuma ya kai shekara 8, a leƙa hanjinsa saboda haɗarin daji.

In zawon jini ya kai sau 6 a rana tare da zazzaɓi ko bugun zuciya da sauri, a kawo ka asibiti a ranar, kada a jira gari ya waye.