Wace Bishiya Za Ta Jure Zafin Gobe? Gwajin Da Ake Yi A Jamus

Yau zan ɗauke ku zuwa jihar Bavariya da ke kudancin Jamus, inda masana suka shafe shekaru suna neman amsar tambaya ɗaya: wace bishiya ya kamata a dasa a bakin titi yau, alhali ba za ta kai girmanta ba sai bayan shekara talatin ko arba'in, lokacin da yanayi ya riga ya sauya?

Kafin mu shiga, ku tuna cewa bishiyar gari tana shan wahalar da ta daji ba ta sani ba. Saiwarta a matse take tsakanin kwalta da bututun ruwa, ruwan sama ya bi kwata ya wuce bai jiƙa ta ba, gine-gine kuma su sha rana su yi ta fitar da zafi har cikin dare. A can ma akwai ƙari: gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara. Sannan yawancin titunansu 'yan nau'o'i kaɗan ne suka cika su, irin su linden da maful. Cuta ɗaya ta shigo, sai ka ga layi guda ya bushe.

To a shekarar 2009, cibiyar binciken lambu ta jihar, da ke garin Veitshöchheim, ta fara wani aiki mai suna Stadtgrün 2021. Aka zaɓo nau'i 20, da yawansu daga kudu maso gabashin Turai, Asiya da Arewacin Amurka, wuraren da bishiya ta saba da zafi da fari. A 2015 aka ƙara 10.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su killace su a gonar gwaji ba. A ainihin tituna aka dasa su, tare da hukumomin garuruwan, a wurare uku da yanayinsu ya sha bamban: Würzburg mai zafi da ƙarancin ruwa, Hof da Münchberg masu tsananin sanyi, sai Kempten da ke gindin tsaunukan Alps, inda ruwa ke sauka da yawa. Duk shekara ana auna kaurin gangar jiki, ana duba lokacin da ganye ya fito da lokacin da ya zube, da ɓarnar sanyi, fari ko ƙwari. Aiki ne na haƙuri, wallahi. Masani shi kaɗai ba zai iya ba, sai da ma'aikatan lambun gari da ke ganin bishiyoyin kullum.

Yanayi kuma bai ɓata lokaci ba wajen kawo jarrabawa. A 2015 garin Kitzingen da ke kusa da Würzburg ya ga zafin digiri 40.3. Na san wani a Sakkwato zai yi dariya, amma a Jamus wannan babban lamari ne. Sai kuma farin 2018 da 2019.

Me aka gani? Akwai wata linden daga kudu maso gabashin Turai wadda bayan ganyenta fari ne kamar azurfa. Idan rana ta take, sai ganyen ya juyo da farin wajen sama, ya mayar da hasken, bishiyar ta rage ɗaukar zafi. Ta jure fiye da 'yar uwarta ta gida. Amma wata bishiyar kudancin Turai, dangin zuwo ɗin da muka sani, sanyin Hof ya fi ƙarfinta. Ka ga ke nan jure zafi kaɗai bai isa ba, tunda hunturu bai daina zuwa ba. Shi ya sa kowane gari da jerin da ya dace da shi.

Akwai masu ƙorafi, kuma ina ganin suna da hujja: idan ka cika gari da baƙin bishiyoyi, ina ƙwarin gida za su zauna, me tsuntsaye za su ci? A 2017 aka hau saman bishiyoyi a Würzburg aka tattara ƙwari, ana kwatanta nau'i uku na gida da danginsu na kudu maso gabashin Turai. Aka tarar yawan nau'o'in ƙwarin bai yi wani nisa da juna ba, wasu ma a ɓangare ɗaya kawai ake samunsu, don haka layin da aka gauraya ya fi tara rai. Har ciyawar da ke ƙarƙashin bishiyoyin ta zama muhimmiya, domin ƙudan zuman daji da yawa a ƙasa suke gida.

Ni dai da na karanta wannan, darbejiya ce ta faɗo mini a rai. Baƙuwa ce daga yankin Indiya, ta karɓe mu mun karɓe ta, har ta mamaye titunan Maiduguri da Yamai. Amma a shekarun 1980 wani ƙwaro mai maƙale wa ganye ya addabe ta a yankin Tafkin Chadi. Idan ka fita gobe, ƙirga bishiyoyin layinku ka gani, nawa ne ba ita ba?

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.