Kwanson Harsashi: Rubu'in Milimita Tsakanin Tsimi da Hatsari

A Amurka, maharbin da ke ɗura harsashi da kansa ba ya barin kwanson harsashinsa a ƙasa bayan ya yi harbi. Yana tsince shi ya kai gida, domin a cikin abubuwa huɗu da suka haɗa harsashi, wato kwanso da albarushi da ƙwayar dalma da ɗan ƙyastun da ke kunna wuta a gindi, kwanson ne ya fi tsada, kuma shi kaɗai ne ke rage wa mutum bayan harbi. Doka a can ta yarda mutum ya sake ɗura harsashi don amfanin kansa, har kamfanoni irin su RCBS da Hornady da Lyman sun daɗe suna cin abinci da sayar da kayan wannan aiki.

Da tagulla ake yin kwanson, kashi 70 jan ƙarfe, kashi 30 tutiya. An zaɓe ta ne saboda tana da hali biyu a lokaci ɗaya: idan albarushi ya kama, tana buɗewa ta manne da bangon mazaunin harsashi ta hana iskar wuta komowa fuskar maharbi, sannan ta ɗan tsuke don a iya zaro ta. Sai dai ba ta komawa daidai yadda take. Dole mai ɗuri ya tura ta cikin wani mazubin ƙarfe ya matse ta, kuma a nan ne tsawo ke ƙaruwa. Kamar mai dunƙule tuwo ne a tafin hannu: abin da ya matse ta gefe, ta sama zai ɓullo. Tagullar sai ta riƙa gangarawa wajen wuya, kaɗan kaɗan, a kowane zagaye.

Kaɗan ɗin nan ne abin tsoro. Ƙungiyar SAAMI, wadda masu ƙera makamai na Amurka suka kafa a 1926, ita ke fitar da ma'aunin harsasai a can. Na .308 Winchester, tsawon kwansonsa kada ya wuce inci 2.015, kuma littattafan ɗuri suna cewa a datse shi zuwa 2.005. Na .223 Remington, iyakarsa 1.760, a mai da shi 1.750. Bambancin kamar rubu'in milimita ne kawai. Amma idan wuya ya zarce iyaka, sai ya cusa cikin maƙogwaron bindiga ya shaƙe ƙwayar harsashin, ta kasa fita a kan lokaci. Harsashin .308 dama an yarda ƙarfin matsinsa ya kai fam 62,000 a kan kowane murabba'in inci, to ina ga an toshe masa hanya? Shi ya sa mai ɗurin kirki ba ya dogara da ido. Yana auna kowane kwanso, ya datse bakin da ɗan injin yanka, ya goge kaifin ciki da na waje.

Ga abin da masu rowa ba sa son ji. Tagullar da aka datse daga wuya ba daga sama ta faɗo ba, daga jikin kwanson ta taso, musamman ɗan sama da gindi. Duk datsa ɗaya shaida ce cewa wurin ya ƙara sirancewa. Idan wani zobe mai ƙyalli ya bayyana a wajen, ko aka zura lanƙwasasshiyar waya a ciki aka ji ta maƙale a rami, kwanson ya gama aiki. Idan aka yi taurin kai, zai rabe biyu a cikin bindiga, wuta ta fito ta baya. Da yawa daga cikin masu wannan aiki suna jefar da kwanso bayan datsa huɗu ko biyar, kuma a ganina wannan ita ce dabarar da ta fi duk sauran daraja.

Wuya kuma yana taurara saboda yawan matsi har ya tsage. Maganinsa a gasa wuyan da wuta ya yi laushi, amma gindi ba a kai masa zafi ko kusa, domin taurinsa ne ke riƙe matsi.

Ba kowane kwanso ne ke ɗuruwa cikin sauƙi ba. Akwai ƙyastu iri biyu, na Edward Boxer ɗan Ingila da na Hiram Berdan ɗan Amurka, duka daga 1866. Abin dariya, Amurkawa na Baturen Ingila suka runguma saboda kwansonsa rami ɗaya gare shi a tsakiya, cire ƙyastun ba wuya, yayin da na Berdan ya fi yaɗuwa a Turai. Yawancin harsasan AK-47 ƙirar Rasha kwanson baƙin ƙarfe ne da ƙyastun Berdan, shi ya sa masu ɗuri ba sa waiwayarsu.

Mai karatu a Najeriya ya sani cewa dokar makamai ta 1959 ta haramta mallakar harsashi ko ƙera shi ba tare da lasisi ba. Abin da yake abin sha'awa na ƙarshen mako a Teksas, a nan laifi ne da ke kai mutum gidan yari.