INA 'YA'YANMU ZA SU YI WASA A BIRNIN ANKARA?

Duk wanda ya ratsa Nima ko Mamobi ko Sabon Zango bayan la'asar, lokacin da aka tashi daga makarantar allo, ya san abin da za mu yi magana a kai. Yara maza sun jera duwatsu biyu a bakin titi suna buga ƙwallo, trotro na danna musu oda, 'yan mata kuma suna tsallen ampe a gefen babbar gota. Ƙwallo in ta faɗa cikin gotar, ƙaramin cikinsu ake turawa ya ɗauko. Mu manya mun saba gani har ya daina damun mu. To amma lardin Ankara, wato Accra, ya haura mutum miliyan 5 a ƙidayar 2021, kuma kullum gini ake yi, fili yana ƙara ƙanƙancewa. Shi ya sa a wannan wata muka ga ya dace mu kawo wa mai karatu wuraren da zai iya kai iyalinsa su sha iska.

Lambun Efua Sutherland

Da shi ya kamata a fara, domin shi ne aka keɓe musamman saboda yara. Yana unguwar Ridge, daura da babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa, kuma faɗinsa ya haura eka goma. An sa masa sunan marigayiya Efua Sutherland, marubuciyar da aka haifa a 1924 ta rasu a 1996, wadda ta shugabanci hukumar kula da yara ta ƙasa a shekarun 1980, ta kuma rubuta littafi sukutum a kan wasannin yaran Afirka. Waɗanda suka yi ƙuruciya a wancan zamani ba su manta da ɗan jirgin ƙasan da yake zagayawa da yara ba, da lilo iri-iri. Sai dai gaskiya ɗaya ce, an yi shekaru jaridu suna kuka a kan yadda kayan wasan suka yi tsatsa, ciyawa ta rufe wasu. Saboda haka wanda zai je, ya je don filin da inuwar itatuwa, ya riƙe ƙwallo da tabarma, kuma kada ya ɗora yaro a kan wani ƙarfe sai ya girgiza shi da hannunsa ya ga ƙarfinsa.

Mmofra Place

Wannan ƙaramin lambu ne a Dzorwulu, wanda gidauniyar Mmofra take kula da shi don ci gaba da aikin ita marigayiyar. Kalmar "mmofra" da harshen Akan tana nufin yara. A nan ba a dogara da injuna masu ƙara ba. Itatuwa ne da kututture da kayan hawa na katako, da wurin karatu da tatsuniya. Ya fi dacewa da ƙanana. Da yake ana shirya abubuwa ne a ranaku na musamman, gara a yi tambaya kafin a kama hanya.

Dajin Achimota da gidan namun daji

Tun 1930 aka keɓe dajin Achimota, kuma shi ne babban dajin da ya rage a cikin birni. A cikinsa gidan namun dajin Ankara yake yanzu. Tsofaffinmu sun san shi ne a Kanda, kusa da mu, kafin a tashe shi don gina fadar shugaban ƙasa. Yaron da bai taɓa ganin jimina ko zaki ba sai a talabijin, ranar da ya je nan ba zai bar gida su yi barci ba don labari. Amma a riƙe hannun yara sosai. A watan Agusta na 2022 wani mutum ya tsallaka shingen zakuna, bai fito da rai ba. Shinge ba ado ba ne.

Lambun tunawa da Kwame Nkrumah

Yana cikin gari kusa da bakin teku, a tsohon filin folo inda Nkrumah ya yi shelar 'yancin kai a watan Maris na 1957. An buɗe shi a 1992, aka yi masa babban gyara aka sake buɗewa a watan Yuli na 2023. Ba wurin guje-guje da ƙwallo ba ne, amma akwai ciyawa mai kyau da maɓuɓɓugan ruwa da gidan tarihi. Ana biyan kuɗin shiga, na yara bai kai na manya ba. Malaman Islamiyyunmu su lura da wannan wuri, domin ɗan zango ma ɗan ƙasa ne, ya kamata ya san tarihin ƙasarsa da idonsa.

Lambun Aburi

Wanda yake da yini guda, ya shiga mota a Madina ya hau dutsen Akuapem. Tafiyar kamar kilomita 30 ce daga birni. An buɗe lambun tun 1890, akwai dogayen itatuwan kwakwar ado a jere a bakin shiga, da wani rimi da ya girmi kakannin kowa, da tsohon jirgi mai saukar ungulu wanda yara suke rububin ɗaukar hoto a jikinsa. Iskar can sanyi gare ta, a tafi wa jarirai da rigar sanyi. Iyali uku ko huɗu in suka haɗa kuɗi suka ɗauki shatar mota ɗaya, aka dafo waake da ƙwai daga gida, abin ba zai yi nauyi ba.

Bakin teku

Ranar Sallah rabin samarin zango suna Labadi, ana hawan doki ana kiɗa. Ba mu hana ba, amma tekun nan yana da ja, kuma ba ya sanin gwani. Yaro ƙarami ya tsaya a kan yashi, babba guda yana kallon sa, ba a ba wa yayarsa 'yar shekara goma amana ba.

Filin unguwa

Duk waɗannan wurare na ranar hutu ne, sau biyu ko uku a shekara. Wasa kuwa kullum ne. Abin da yaro yake bukata shi ne filin da zai taka da ƙafa ya dawo kafin magariba, kamar filin Kawukudi da ke kusa da babban masallacin ƙasa na Kanda, da filayen makarantu. Kada a raina su. A irin wannan ƙura ta Nima Mohammed Kudus ya fara taɓa ƙwallo, shi ne kuma ya ci wa Black Stars ƙwallo biyu a ragar Koriya ta Kudu a gasar cin kofin duniya ta 2022. Da an kakkafa kwantena da shaguna a filayen da ya yi wasa, da wa zai san shi?

Haka waɗannan filaye suke ɓacewa. Yau a ajiye yashi a kusurwa, gobe bulo, jibi a ce ai wurin ya daɗe da mai shi. Ghana ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1990, kuma sashe na 31 ya ambaci wasa da hutu a matsayin haƙƙi. Ashe ke nan in sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin matasa suka je wa ɗan majalisar unguwa da maganar fili, ba roƙo suka je yi ba. Mu kuma akwai namu: mu share filin, mu kwashe fasassun kwalabe, mu rufe ramuka, mu shawo kan shugabannin makarantu su bar ƙofa a buɗe da yamma, a sa dattijo ɗaya yana lura. A kuma ware wa 'yan mata gefensu na ampe da 'yar gala-gala, don ƙwallon maza ta saba cinye fili duka.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da bai sami wurin wasa ba zai nemo wa kansa, kuma ba lalle ne wurin ya yi mana daɗi ba. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya tsare su daga sharrin titi da na ruwa, amin.